Rabin Wasan Yana Bauranya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya riga mu gidan gaskiya a ƙarshen kakar bana, ana tsakar sussukar gero, muka kai shi makwancinsa a Kusada kusa da iyayensa.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai shigo da fuskar jimami kamar yadda ya kamata, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa." A shafa fatiha, ya koma gefe ya zauna. Can sai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Ka ɗauka kuka ne, ashe dariya yake dannewa. Wani dattijo da ya tako da ƙafa tun daga Rimaye ya rufe baki da hannun riga, ya ce, "Ku gafarce ni jama'a, tafiyar nan tasa da ƙaton rawani ce ta faɗo mani." Aka yi ta istigfari ana dariya, ana share hawaye.

Da labari ya kai cikin gida, wasu mata suka ga abin bai dace ba. Matar Kawu ta ce, "Ku ƙyale su. Wanda ya zo nan bai murmusa ba, to bai san mamacin ba." Shi kansa liman, wanda ya sha yi wa Kawu faɗa cewa kwaikwayon mutane ba aikin dattijo ba ne, ya ce, "Allah na gani, sau da yawa ina yi mashi nasiha ina cizon leɓe a bayan amawali." Wani kuma ya matso kusa da ni ya yi mani raɗa, wai in gaya mashi sunan marigayin na yanka, yana son ya sa shi a addu'a. Ya ce shi tun yana yaro da laƙabin Kowa-ya-san-ni ya ji ana kiran Kawu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: wani tsoho da ya jingina da bangon zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Taubashin Kawu ne, ɗan goggonsa, wanda muke kira Baban Bauranya don can yake zaune. Labarin su biyu ne ya sa na ɗauki alƙalami da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya, don ina tsoron kada nan gaba a riƙe dariyar a manta da mutumin.

Wanda ya san Kawu a waje ba zai yarda ba in an ce mashi a gida mai shiru ne. Yayan mahaifiyata ne, manomin gero da gyaɗa, mai sammakon gona. In ya dawo yakan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, yana kallon masu wucewa. Kallon nan shi ne karatunsa. Zai dubi mutum sau ɗaya ya ɗauke tafiyarsa, da tarinsa, da yadda yake gyara hula. Amma yana da ƙa'ida. Ba ya kwaikwayon gurgu, ko mai in'ina, ko wanda talauci ya kayar. Yakan ce, "Wanda Allah Ya taɓa ba ni taɓa shi. Wanda ya hura kansa nike nema." Kuma ban taɓa ganin ya yi dariyar abin da ya faɗa da bakinsa ba.

Shekarar da sanƙarau ya ɗauke mahaifina, Inna ta daina cin abinci. Ba ta kuka, ba ta magana, sai ta zauna ta ƙura wa ƙofa ido. Mun yi lallashi har mun gaji. Kawu ya zo wata rana da hantsi, ya tsaya a bakin tsakar gida, ya yi gyaran murya irin ta mahaifina, ya ja takalmi a ƙasa yadda yake yi, ya ce, "Wai gidan nan ba a ba mutum ruwa sai ya kai ƙara wurin alƙali?" Na ce a raina yau Kawu ya yi ɓarna. Inna ta ɗago kai ta dube shi, sai ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza. Ya zauna kusa da ita har ta yi ya ishe ta. Daga baya ta ce, "Ko a tarin ba ka rage komai ba, mugu." Ranar ta sha kunu.

Sunan Kowa-ya-san-ni daga wani tsohon wasa ya samo shi, wanda ake yi lokacin kalankuwa, bikin samari na bayan kaka. Labarin wani mutum ne da ya sami amfanin gona mai yawa, sai son suna ya shige shi. Ya naɗa ƙaton rawani, ya hau jakinsa, ya ɗauki maroƙi ya riƙa bin kasuwanni yana shelar sunansa. Matsalar ita ce maroƙin mai mantuwa ne. Zai cika baki ya ce, "Jama'a ku kauce, ga babban mutum, ga... ga... ranka ya daɗe, tuna mani sunan." Duk sanda mutumin ya buɗe baki zai faɗa, sai jakin ya ɓarke da kuka, ba mai jin komai. A haka jaki ya yi suna. Mata na kawo mashi dusa, yara na binsa, shi kuwa mai rawani ana ce mashi "mai jakin nan". Da ya koma gida, matarsa ba ta gane shi ba saboda rawani ya rufe fuska. Ta buɗe wa jaki ƙofa, shi ta ce baƙo ya jira maigida ya dawo.

Kawu ke fitowa a mai rawani, Baban Bauranya a maroƙi. Tsofaffi sun ce in su biyu suka shiga fili, mai tallar fura kan manta da ƙwaryarta. Mu da muka taso ba mu taɓa gani ba, don wasan ya mutu tun ina goye. Inna ce ta gaya mani dalili bayan na girma.

Wata shekara wani Bature ya zo rangadi ya sauka a barikin Kankiya, aka kira su su yi wasan a gabansa da gaban hakimi. Suka yi, Bature ya yi dariya har ya cire hularsa yana fifita. Da aka gama ya sa tafinta ya tambaya wa ya ƙago wasan. Kawu yana tsaye jama'a na ta yi mashi kirari, sai ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Bature ya tuɓe kwat ɗinsa mai maɓallai masu ƙyalli ya ba shi.

To wasan ba na Kawu ba ne. Mahaifin Baban Bauranya ne ya ƙago shi, shi ya koya masu su biyu tun suna samari, kuma bai daɗe da rasuwa ba a lokacin. Sai a hanyar komawa Baban Bauranya ya tsaya ya ce, "Ɗan'uwa, ashe kai ba kwaikwayo kake yi ba." Ya ratse ya kama hanyar Bauranya. Taubasai da aka sani da tsokanar juna har a gaban surukai, suka koma ko a jana'iza suka haɗu kowa sai ya nemi wani sahu. Kawu ya gwada wasan da wani maroƙin, abin ya ƙi armashi, ya watsar. Kwat ɗin kuwa ba a taɓa ganinsa a jikinsa ba. Sunan dai ya bi shi, ya kuma amsa shi har ya tsufa.

Ana nan har aka naɗa ni sarkin samarin unguwarmu. Wata kaka malamin makarantar elementare ta Kankiya ya aiko cewa za a yi taron wasanni. An gina dandamali na ƙasa a filin makaranta, 'yan makaranta za su yi nasu wasan kan tsabtar rijiya, kowane gari kuma ya zo da wani tsohon wasansa. Mutanen Kunduru da na Rimaye suka fara shiri. Mu kuwa kowa ya buɗe baki sai ya ce Kowa-ya-san-ni. Na sami Kawu a gindin dalbejiya na gaya mashi.

Ya daɗe yana murza ɓawon gyaɗa a hannu, sannan ya ce, "Rabin wasan gare ni. Rabin yana Bauranya."

Na ce, "Kawu, ai ka san abin da maroƙi ke faɗi."

Ya ce, "Na san abin da yake faɗi. Ban san inda yake yin shiru ba. Tashi ka tahi, in ya kore ka kada ka ce ban gaya maka ba."

Na ɗauki goro na tafi tare da abokina da zai fito a maroƙi. Muka iske Baban Bauranya yana gyaran rumbu. Ya saurare mu har muka gama, ya ce, "Shi ya aiko ku?"

Na ce, "A'a Baba, mu muka kawo kanmu."

Ya ce, "To kun yi ɓatan kai. Mai wasan yana Kusada. Gaban Bature ya faɗa, da shaidu."

Abokina ya ce, "Baba, mu fa ba mu taɓa ganinsa ba. In ku biyu kuka tafi, shi ke nan ya tafi."

Tsohon ya ci gaba da yaɓen rumbunsa kamar bai ji ba. Har mun miƙe za mu yi sallama ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ku dawo bayan kasuwa. Ba don shi ba. Don tsohona, kada wasansa ya bi shi kabari. Amma ranar da na ga wancan a nan, an gama."

Haka muka koyi wasan, rabi a Kusada, rabi a Bauranya, muna safa da marwa a tsakani. Abin da ya ba mu mamaki shi ne kowannensu ya fi riƙe rabin ɗan'uwansa. Baban Bauranya zai dube ni in na yi tafiyar mai rawani ya ce, "Wa ya koya maka wannan? Ba haka yake yi ba. Shi ƙafar hagu yake ja, kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba." In mun dawo Kusada abokina ya yi shelar maroƙi, Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ka yi sauri. Shi yakan bari sai jama'a sun ɗauka ya tuno sunan, sannan ya juyo." Wata rana ya tambaye ni, kamar abin bai dame shi ba, "Har yanzu yana da muryar nan?" Na ce tana nan. Ya ce, "Hm," ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Ni na fi ba Kawu wahala. Ina ta murguɗe-murguɗe da zare ido don a yi dariya. Ya tsayar da ni ya ce, "Bar neman dariya. Mutumin nan bai san shi abin dariya ba ne. Tsakaninsa da Allah yake son a san shi, kamar yadda mai ƙishirwa ke son ruwa. In ka tausaya mashi, jama'a za su yi dariya da kansu."

Na ce, "Kawu, ya aka yi ka san cikinsa haka?"

Ya ce, "Na taɓa zama shi, ba a cikin wasa ba."

Ranar taro filin makaranta ya cika bayan la'asar. Hakimi na zaune da mutanensa, kusa da shi wani saurayin Bature, ba wancan na dā ba. Na hango Baban Bauranya can gefe ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya zo a kan cewa kallon 'yan Kunduru ya kawo shi. Muna bayan dandamali muna shirya jakinmu, samari biyu ne a cikin gwado da kunnuwan kaba, sai ga Kawu da ƙunshi a hammata. Ya kwance, sai ga kwat ɗin nan, asu ya ɗan taɓa shi amma maɓallan na nan da ƙyallinsu. Ya shimfiɗa shi a bayan jakin, ya ɗaure hannuwan a wuyansa.

Malamin makaranta ya gani, ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, rufa mana asiri. Rigar Bature a jikin jaki, ga Bature zaune? In ya ɗauka da shi ake, ni za a fara kora, ku kuma ku kwana a gidan yari."

Kawu ya ce, "Malam, rigata ce, ni aka ba. In an tambaya ka ce ni na sa. Wannan karon in na ce ni ne, gaskiya na faɗa."

Muka hau dandamali. Da jakin ya fito da kwat, filin ya yi tsit. Tsofaffin da suka san tarihin rigar suka dubi juna, sauran suka dubi Bature. Abokina ya daure ya ɗaga murya, "Jama'a ku kauce, ga babban mutum, ga... ga..." Ya yi shirun nan da aka koya mashi, ya juyo ya dube ni, ya dubi jakin da ya fi ni kyan shiga, sai ya rusuna wa jakin. Wannan ba ya cikin abin da muka koya. Hakimi ne ya fara fashewa da dariya, Bature ya bi shi yana buga gwiwa, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba sai da matar mai rawani ta rufe mani ƙofa a fuska, na tsaya ni kaɗai ina kiran sunana ba mai ji. A wurin nan dariyar ta ɗan lafa. Na ji wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, bawan Allah."

Da aka tashi na ga Kawu ya ratsa jama'a ya nufi bedin nan. Na bi shi a baya. Baban Bauranya idanunsa sun yi ja, alamar ya yi dariya har da hawaye. Kawu ya tsaya a gabansa ya ce, "Ka ga yaran?"

Ya ce, "Na gani. Sun yi ƙoƙari."

Kawu ya ce, "Ka ga rigar?"

Ya ce, "Na gani. Jaki ya sami riga. Ni fa?" Ya jira. Kawu, mutumin da bakinsa bai taɓa rasa magana ba, ya tsaya yana motsa leɓe, abin ya ƙi fita. Baban Bauranya ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Na so a ce a nan aka shirya, amma ba haka aka yi ba. Abin da aka samu shi ne sun koma gaisawa in sun haɗu a kasuwa, gaisuwar da ba ta wuce lafiyar iyali da ruwan sama. Wasan kuwa ya farfaɗo, ana kiranmu garuruwa, kuma ko'ina muka je cewa ake wasan Kawu ne. Na lura duk sanda aka faɗi haka a gabansa sai ya sunkuyar da kai. Na taɓa ce mashi, "Kawu, kalma ɗaya ce fa." Ya ce, "Ɗana, na iya muryar kowa a garin nan. Tawa ce ke ba ni wuya."

Bayan 'yan damuna ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da ya ga jiki ya ƙi, wata safiya ya ce in kira mashi liman da mai unguwa da maƙwabta, in kuma tafi Bauranya in ce shi ya aiko ni, in faɗa da bakina cewa shi ne. Na je na faɗa haka. Baban Bauranya ya shiga ɗaki ya sako riga.

Muka iske ɗakin ya cika. Kawu ya sa aka tayar da shi aka jingina shi da bango. Ya ce, "Jama'a, ku zama shaida. Wasan da kuke kirana da sunansa ba nawa ba ne. Na mahaifin wannan ne, shi ya ƙago shi, shi ya koya mani. Na yi ƙarya a gaban Bature don na ji daɗin tafi. Na ci haƙƙin mamaci, na ci na ɗansa." Ya juya ga taubashinsa ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mani."

Baban Bauranya ya zauna a bakin gadon. Ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Tsohona ma na san da ya yafe, don ba ya riƙo kamar ni." Ya ja numfashi. "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ina da tawa. Kafin ya rasu ya ce mani, wasan nan shi ya ƙago shi, amma sai da ka shige shi ya zama wasa. Ya ce ka fi mu iyawa, ni da shi duka, in gaya maka. Ban gaya maka ba. Haushi ya hana ni, tun kafin zancen Bature."

Kawu ya dube shi ya ce, "Sai yanzu?"

Ya ce, "Kai ma ai sai yanzu."

Kawu ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, taubashinsa ya riƙe shi yana bubbuga bayansa yana cewa, "A hankali, tsohon banza, kada ka mutu a hannuna a ce ni ne." Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Baban Bauranya bai koma gida ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa a ɗakin, shi ke ba shi kunu, shi ke juya shi, suna musu kan wanda ya fi wani tsufa, har ranar da ya laƙƙana mashi kalmar shahada ya rufe mashi ido.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe mashi kurakuransa kamar yadda ɗan'uwansa ya yafe mashi, Ya sanyaya makwancinsa gwargwadon zukatan da ya sanyaya. Ya jiƙan tsohon da ya ƙago wasan. Wanda ya rage a Bauranya kuma, Allah Ya ba shi haƙurin zama shi kaɗai. Amin.